Faifan da Ya Kafe a Turmi na Huɗu

A shagon kawuna da ke Aboabo, cikin Zangon Kumasi, akwai wani faifan bidiyo da ya yi kusan shekara biyu yana haddasa gardama. Fim ne na Turawan Ingila mai suna Snatch, sai dai ba mai kiransa haka a layinmu. In saurayi ya ɗaga labule ya ce, "Kawu, yau akwai Kare Ya Haɗiye?" kowa ya san inda aka dosa.

Ni ne yaron shago a lokacin, ina da shekara 16. Aikina shara, jera benci, karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofa, da goge faifai da gefen riga idan ya fara tsalle. Wajen ƙarshen 2001 Kawu ya dawo daga kasuwar Kejetia da fim ɗin cikin leda, faifai biyu na VCD, da hoton bango wanda launinsa ya zube kamar an wanke shi da ruwan zafi. Na farko lafiya lau. Na biyun yana da ƙarzuwa can wajen baki, kuma da yake faifai daga tsakiya yake fara karantuwa ya nufi baki, ƙarshen fim ɗin ta ci. Duk daren da aka sa shi sai ya tafi sumul har damben ƙarshe. A turmi na huɗu a ɗirka wa ɗan damben nan Mickey naushi a haɓa, ya tashi sama, ya taho zai faɗi, sai hoton ya daskare, ya farfashe gida-gida. Mun shafa masa man goge baki, mun hura masa iska, mun ari injin maƙwabci. Mickey dai bai sauko ƙasa ba.

Yadda silima ta koma ɗaki

Iyayenmu gidan silima suka sani, mai babban allo, inda ake kallon Indiya da kaboyi da Chanis. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fita da dare, ta kuma yi fiye da shekara biyu tana aiki. Silima kuwa sana'ar dare ce. Sai ga 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, shekarar da Najeriya ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Gidajen silima suka yi ta mutuwa, da yawansu daga baya suka zama coci ko sito.

Kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, shi ya cike gurbin. Duk mai talabijin da na'urar bidiyo da ɗan janareto ya zama mai silima. Wasu suka kafa ɗaki a unguwa kamar Kawu, wasu suka ɗora kayan a mota suna bin ƙauyuka. Masu zane a Accra da Kumasi suka riƙa ɗinke buhun fulawa biyu, su zana tallan fim da fenti, sau da yawa ba su ma kalli fim ɗin ba, sai su ƙara wa jarumi damatsa, su ƙara wa mugu haƙora. Waɗannan buhuna yau ana sayar da su a gidajen baje kolin zane a Amurka da Turai. A 1987 William Akuffo ya ɗauki Zinabu kai tsaye a kan bidiyo, 'yan Ghana suka ga ashe su ma za su iya. A Kano aka yi Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma finafinan Hausa sun cika Zango, kuma su ne suka riƙe shagon Kawu da rana, lokacin da mata ke aiko yara hayar kaset. Dare na maza ne da finafinan duka.

VCD ya fito a 1993, ya iso mana da ƙarfi wajen ƙarshen shekarun 1990 tare da injinan Chana masu araha. Ba ya ɗaukar fiye da minti 74 ko 80, Snatch kuwa ya haura minti 100, dole a raba shi biyu. Namu kwafi ne na satar fasaha, kamar kusan duk abin da ke kan kantar Kawu. Ba ko sisi da ya koma wa waɗanda suka yi fim ɗin, mu ma kuma ba wanda za mu kai wa ƙara da faifan ya kafe. Araha ba ta ado.

Ɓarayin da ba su iya sata ba

Guy Ritchie ne ya rubuta Snatch ya kuma ba da umarni, Matthew Vaughn ya shirya, ya fito a Birtaniya a 2000. Shi ne fim ɗin Ritchie na biyu, bayan Lock, Stock and Two Smoking Barrels na 1998. Labari biyu ne aka tufke kamar igiya.

Na farko na daimon ne mai nauyin karat 86 da aka sato a Antwerp ta Beljiyam. Wanda ya sato shi, Franky mai yatsu huɗu, maye ne na caca, ya ratsa ta Landan kafin ya kai wa ubangidansa Avi a New York. Wani dillalin bindigogi, Boris, tsohon ɗan KGB, ya ji labari, ya ɗauko masu shagon jingina biyu, Sol da Vinny, su yi masa fashi. Direbansu Tyrone ƙato ne da fita daga mota ma aiki ne a gare shi. Wurin gyara tsayuwa ya yi baya ya daki wata mota, bai san mutumin da suke nema yana cikinta ba.

Na biyu na dambe ne. Turkish, wanda Jason Statham ya fito a matsayinsa, shi da yaronsa Tommy suna shirya damben bayan fage. Sun ƙulla da Brick Top, wani tsoho mai ƙaton tabarau da ke da gidan caca da garken aladu, kuma aladun nan su yake bai wa gawar duk wanda ya saɓa masa. Tommy ya je sayen gida mai taya, irin wanda mota ke ja, a sansanin wasu matafiya 'yan asalin Ayalan. Aka sayar masa da ruɓaɓɓe, ya ce a maida masa kuɗinsa, aka ce sai dai a dambata. Wani siririn saurayi mai suna Mickey, wato Brad Pitt, ya shimfiɗe musu ƙaton ɗan dambensu da naushi ɗaya. Dole suka ɗauki Mickey ya maye gurbin, Brick Top ya kafa sharaɗi: ya faɗi da gangan a turmi na huɗu, domin a kan haka aka zuba kuɗin caca. Mickey ya shiga fage, naushi ɗaya, abokin karawa ya kwanta. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, Turkish kuwa ya ci, ga shi ba aska a hannunsa.

Abin da ya haɗa igiyoyin biyu shi ne kare. Karen matafiyan ne da ya koma hannun Vinny, ya fara haɗiye abin wasan roba mai ƙara, har in ya yi haushi sai ka ji "ƙyit", daga baya ya cafke daimon ɗin ya ƙara gaba.

Mu a Kumasi ba a buƙatar yi mana bayanin daimon. Muna da unguwa mai suna Akwatia Line, kuma ba gidan Zango da bai san wani da ya tafi Akwatia neman dutse ya dawo da tari da bashi ba. Dambe ma namu ne, tun daga D.K. Poison da ya ciyo wa Ghana kambun duniya na farko a 1975 har zuwa Azumah Nelson da Ike Quartey.

Dariya a gaban gawa

Daren farko ɗaki ya ruɗe. Mai kallo a Ghana tambaya biyu yake yi: wane ne buloman, wane ne kila? Buloman shi ne jarumin da ba ya mutuwa, kila kuwa mugun da zai mutu a ƙarshe. Nan an yi minti 20 ana nuna fuskoki, kowa ɓarawo, kowa matsoraci ko wawa. Statham, wanda The Transporter zai mai da shi buloman na gaske a 2002, a nan yawancin lokaci tsaye yake cikin doguwar kwat yana neman mafita. Vinnie Jones kaɗai muka sani, shi ma ta ƙwallo, don ya ci kofin FA da Wimbledon a 1988 kuma ya yi suna wajen jan kati. Wani ya miƙe ya ce a ba shi kuɗinsa. Sai aka zo inda Sol da Vinny suka ritsa Jones a mashaya da bindigogi, shi kuwa yana zaune ya nuna musu cewa a jikin nasu an rubuta na bogi ne, a jikin tasa an rubuta Desert Eagle. Mai neman kuɗinsa ya koma ya zauna, yana riƙe da ciki.

Wannan salo daɗaɗɗe ne a wurin Turawan Ingila. Kamfanin Ealing ya yi Kind Hearts and Coronets a 1949, inda wani ke kashe danginsa ɗaya bayan ɗaya don ya gaji sarauta, Alec Guinness kuma ya fito a matsayin mutum takwas daga cikin dangin. A 1955 suka yi The Ladykillers: 'yan fashi biyar sun kama haya a gidan wata tsohuwa kusa da tashar King's Cross, suka yanke shawarar kashe ta, suka ƙare da kashe juna, kuɗin ya zauna a hannunta. Ƙa'idar ɗaya ce. Mutuwa tana zuwa ta ƙofar wauta da haɗama, kuma mai ba da labari ba ya ɗaga murya. A Snatch, kwalin madara da Tommy ya wurga ta tagar mota shi ya haddasa mummunan haɗarin mota. Avi ya buɗe wa kare wuta, kare ya fice ta taga, harsashi ya sami mutumin da ya ɗauko haya don ya nemo masa daimon.

Wani abokin Kawu, malamin makarantar allo da kan tsaya a bakin ƙofa yana jiran mai shayi, ya taɓa leƙowa ya ga ana ƙyaƙyata dariya ga gawa a allo. Ya ce, "Alhaji, yanzu mutuwa ce ta zama abin wasa?" Kawu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba gawar suke yi wa ba, kwaɗayin da ya kai shi ne. Gizo ma da ya maƙale a cikin giwa dariya muka yi masa." Malam ya girgiza kai ya tafi, bai gamsu ba, kuma yana da hujjarsa. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya ma shekara 18 ta yanka wa fim ɗin. Kawu kan kori yara kafin a sa shi, ni kaɗai aiki ya ba ni lasisi. In Brick Top ya fara bayanin yadda alade ke cin mutum, sai ka ji a'uziyya ta ko'ina, amma ba mai tashi.

Ni dai na san dariya kusa da makara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. In tsohuwa mai shekara 90 ta rasu, jikoki sukan tare ƙofa su yi ta tsokana, suna cewa ta tafi da bashinsu, kuma ba mai cewa sun yi rashin kunya. Mun san inda ake yin ta, mun san inda take tsayawa. Fim ɗin ma ya sani. Da Mickey ya ƙi yin dambe na biyu sai an saya wa uwarsa sabon gida mai taya, Brick Top ya sa aka cinna wa nata wuta tana barci a ciki. Aka nuna Mickey 'yan'uwansa sun rirriƙe shi, hasken wuta a fuskarsa. Na kalli wurin nan ya fi sau 50 daga bakin labule, ban taɓa jin ko tari a ɗakin ba.

Mutumin da ba a jin bakinsa

Muna da mai fassara, wani dattijo da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema, muna ce masa Ticha. Yakan zauna gefen talabijin yana juya Turanci zuwa Hausar Zango, a biya shi da koko da ƙosai. Zagi ba ya fassarawa, sai ya ce, "Ya gaishe shi." Yana alfahari ya ji Turancin Girkawa da na Filifin da na 'yan Laberiya. Da Mickey ya buɗe baki, Ticha ya karkata kunne, ya sa aka ƙara murya, can ya ce, "Wannan ba Turanci ba ne, ciniki ne." Daga nan ya riƙa sa masa maganar dillalin shanu a kara: albarka, ƙara dai, na sallama, ga kare gyara. Abin mamaki, fassarar ta zauna daram, domin a fim ɗin ma Turkish da Tommy ba sa gane abin da Mickey ke faɗa, kuma da wannan saurin baki yake cinye su a ciniki.

Sannu a hankali Mickey ya zama namu. Mutanensa tsiraru ne da suka daɗe suna yawo a Ayalan da Birtaniya, suna da al'adarsu da harshensu, kuma sai a 2017 gwamnatin Ayalan ta amince da su a hukumance a matsayin ƙabila. A cikin fim kowa yana kiransu da sunan raini, ana cewa ɓarayi ne, ƙazamai ne. Ritchie kansa bai wanke hannunsa daga wannan ba, don ya nuna su da sha da faɗa da wayo kamar yadda masu raina su ke faɗa. Amma ɗan Zango ya san wannan kallo. Kalmar zango kanta masaukin ayari ce. Kakanninmu fatake ne da suka bi goro zuwa Salaga, da kasuwar Salaga ta lalace bayan yaƙin basasar 1892 suka gangaro kudu, wasu kuma sojan Turawa ya kawo su. An haifi uba a Kumasi, an haifi ɗa, an haifi jika, har yanzu wani zai tambaye ka, "Amma asali daga ina kuke?" A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Kawu yana saurayi lokacin. Bai cika son zancen ba, sai dai ya taɓa gaya mini cewa ya kwanta da maƙwabta ya tashi ya tarar da ɗakunansu a buɗe, murhu da sauran ɗumi.

To ga Mickey a rataye tsakanin sama da ƙasa a turmi na huɗu, ɗaki ya rabu biyu. Ɓangaren Ticha suka ce ya faɗi kamar yadda aka umarce shi, domin Brick Top ya girke 'yan bindiga a sansaninsu, kuma talaka ba ya ja da mai aladu. Wani direban tirotiro, wato motar haya, ya ce mutuwa ma ya yi, tunda da giya ya kwana a zaman makokin uwarsa. Kawu, wanda ba ya sa baki a gardamar fim, ya ce, "Wanda aka ƙona wa uwa ba ya kwanciya don an ce ya kwanta." Har caca aka so a ƙulla, ya hana.

Tsarabar boga

A 2003 wani ɗan yayar Kawu da ke aiki a Landan ya zo hutu. Irinsu boga muke ce musu a Kumasi, sunan da aka samo daga Hamburg ta Jamus. Cikin tsarabarsa akwai DVD na asali, kuma da na ga Snatch a ciki sai da hannuna ya yi rawa. Ya ce, "Ƙanena, wannan na shiyya ta biyu ne, ƙila injinku ya ƙi shi." Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya don su riƙe farashi da ranar fitarwa: Amurka ta ɗaya, Turai ta biyu, yawancin Afirka ta biyar. Injin Kawu ɗan Chana ne, bai san iyaka ba, ya haɗiye faifan kamar karen Vinny.

A ranar na gane abin da ake nufi da fitar da fim don kallon gida. Faifai ɗaya ya ɗauke fim ɗin duka, hoto tas, har ana ganin zanen da ke jikin Mickey. Akwai wuraren da aka yanke, akwai muryar Ritchie da Vaughn suna hira a kan yadda suka yi aikin. Akwai kuma zaɓi na musamman da ke rubuta maganar Mickey kaɗai a ƙasan allo, alamar Turawan ma da suka biya kuɗi a silima ba su ji shi ba. Ticha ya ga haka ya gyara zama, ya ce, "Ban gaya muku ba?" Fim irin wannan, mai mutane fiye da goma da magana kamar ruwan sama, a silima sau ɗaya zai wuce ka. Sai da rimot a hannu, kana maido shi baya, za ka ga wane ne ya cuci wane, da kuma lokacin da kare ya shigo ɗaki.

Daren nan benci bai isa ba, har taga an cika. Aka zo turmi na huɗu, naushi ya sauka, Mickey ya tashi sama, ɗaki ya yi tsit don nan muka saba tsayawa. Sai ya faɗo, aka nuna shi kamar ya nutse cikin ruwa. Ɓangaren Ticha suka fara murna. Sai ya miƙe, naushi ɗaya, ƙato ya zube. Ihun da aka yi ya sa matan gidan baya suka fito suna tambaya ko ƙungiyar ƙwallon Kotoko ce ta ci. Ashe matafiyan duk a kan Mickey suka zuba kuɗinsu, ashe sun riga sun gama da 'yan bindigar da aka girke musu, Brick Top ma a bakin motarsa ya gamu da nasa rabon. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere. Daimon kuwa, likitan dabbobi ne ya ciro shi daga cikin kare, tare da abin wasan roba da takalmin da bai narke ba, ya faɗa hannun Turkish da Tommy, su da ba su ma san ana nemansa ba.

Shagon ya rufe tun tuni. Faifai mai fim 20 a ciki ya fara karya hayar, tashoshin tauraron ɗan'adam suka biyo baya, waya ta ƙarasa. Yanzu ɗana yana kallon fim shi kaɗai da abin ji a kunne, in ya yi dariya ban san dalili ba. Ɗakin ya zama wurin ɗinki, Ticha ya rasu, Allah ya jiƙansa.

A daren nan na 2003, bayan an watse, ina tattara benci, Kawu ya ce, "Kai, maido mini wurin nan." Na ɗauka naushin yake so, wanda ya ba shi gaskiya a kan kowa, na kai masa turmi na huɗu. Ya ce a'a, gaba. Na tura gaba har washegari da safe, inda Turkish da Tommy suka je sansanin neman Mickey suka tarar ba kowa. Ba gida mai taya ko ɗaya, sai fili da tarkace, ga 'yan sanda suna tambayarsu me ya kawo su. Kawu ya ce in tsayar. Na danna, hoton ya tsaya cak, wannan karon da izininmu. Ya daɗe yana kallon filin nan, hularsa a gwiwa. Can ya ce, "Su dai da ƙafarsu suka tashi." Ya miƙa mini makulli, ya ce in kashe janareto.